Amsar da Ta Yaudari Malam Barau

Akwai wani malamin lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke wajen Aujara, sunansa Malam Barau. Mutumin kirki ne, ba ya fashin aji. Sai dai in ya fara zuba Turanci a gaban allo, shi kansa daɗin muryarsa yake ji. Kalmomin littafi yadda suka zo haka yake sauke wa yara su, ba fassara, ba misali.

In ya gama sai ya kaɗe alli daga hannunsa ya ce, "Kun gane?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eh, Malam!"

Shi ke nan, sai ya rubuta a tsarin darasinsa cewa kowa ya fahimta, gobe a wuce gaba.

'Yarsa Munira tana cikin ajinsa, aji uku, kuma a shekarar za su zana jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Burinta ke nan tun tana firamare. Uban kuwa ya gama shelanta wa majalisarsu cewa ta riga ta ci.

Ana nan sai shugaban makarantar, Malam Falalu, ya dawo daga wata bita a Dutse. Ya tara malamai ya ce kowa ya riƙa ba yara 'yan tambayoyi a ƙarshen darasi, kowane yaro ya amsa a takardarsa. Abin da amsoshin suka nuna, a kansa za a gina darasin gobe.

Malam Barau ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ni ba sai takarda ta gaya mini ba. Da bakinsu suke cewa sun gane."

Malam Falalu ya ce, "Ka dai gwada, Malam Barau."

Bai gwada ba.

Malama Zulfa, mai koyar da ɗaya ajin na uku, ita ta gwada. Ranar farko kamar ta yi kuka. Yawancin yaran ba lissafin ne ya kayar da su ba, ba su ma san abin da tambayar take nema ba. Sai ta koma baya. Kowace kalma ta fara warware ta da Hausa, da kwanon gero da awon gona, sannan ta ba su sunanta na littafi su yi ta amfani da shi har ya zauna.

Ajinta ya riƙa tafiyar hawainiya, Malam Barau ya samu abin tsokana. "Malama, har yanzu kuna nan? Mu ai mun kusa rufe littafin."

Sakamakon jarrabawar ya fito. Daga ajin Malama Zulfa yara da dama sun samu gurbi, har da Sa'adiyya, ƙawar Munira kuma 'yar maƙwabcinsu. Sunan Munira babu shi.

Malam Barau ya shiga gida ransa a ɓace. "Ke Munira, me ya faru? Ba kullum ke ce kan gaba wajen cewa kin gane ba?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Baba, tun zangon farko na daina ganewa."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Yaya zan ce ban gane ba a gaban mutane, alhali kai ne ka yi bayani? Ai kamar na ce ba ka iya ba ne. Duk ajin ma haka muke yi."

Wallahi sai a nan ya gane. Tarbiyyar da ya ba ta ce ta bi, ba ta yi ƙarya don mugunta ba. Ladabi ya ji shekara da shekaru, ya ɗauka fahimta ce.

Ranar tafiya makaranta, shi da kansa ya ɗora wa Sa'adiyya akwatinta a mota. Munira na tsaye a ƙofar gida tana ɗaga mata hannu, shi kuwa ya kasa juyowa ya dubi 'yarsa.

Darasi: Yaranmu ba sa iya ce wa babba "ban gane ba". Malami, kada ka gina darasin gobe a kan amsar baki. Duba abin da kowane yaro ya iya yi da hannunsa, ka warware masa kalmomin littafi kafin ka wuce. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, ko wata Munirar ta tsira.