Ɓarawon da Ya Mayar da Roba

Akwai wata jandarma, wato 'yar sanda, mai suna Nolwenn Kerbrat a Porz Melen, ƙauyen masu kiwon kawa a gaɓar tekun Bretagne, a ƙasar Faransa. Kawa, naman tekun nan mai ɓawo, ita ce abincin garin kuma ita ce mutuncinsa. Babu gidan da zai yi Kirsimeti ba a fasa ta a tebur ba.

Saura mako biyu bikin, aka wayi gari an kwashe buhun kawa arba'in daga gonar ruwan wata tsohuwa, Madam Riwal. Kafin kofin safe ya huce, gari ya gama yanke hukunci: Vasile ne.

Vasile ɗan Romaniya ne da ya zo aikin tantance kawa a rumfa wata uku da suka wuce. Ba shi da kowa a garin, Faransancinsa ma da ƙyar yake fita. An tsinci buhu biyu wayam a bayan ɗakinsa, aka kulle shi.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Goulven, shugaban masu kiwo, yayan mahaifiyar Nolwenn. Irin mutanen nan ne da ko gaishe su ka yi sai sun gyara maka gaisuwar.

"Ki sa hannu su tafi da shi birni," in ji shi. "A nan kika tashi. Kin taɓa jin ɗan Porz Melen ya taɓa buhun maƙwabcinsa?"

"Ban taɓa ji ba, Kawu. Amma ban ga wurin da idona ba."

"Oho, kakin ne ya fara hawa miki kai?"

"Ba zan sa hannu ba sai na gani."

Da tsakar rana ruwan teku ya janye daga gonar, kamar yadda yake yi kullum. Ta sa dogayen takalman roba, ta shiga taɓo cikin yayyafi har zuwa gadajen ƙarfen da ake jera buhunan raga a kai. Kowane buhu da roba mai ƙugiya ake ɗaure shi.

Buhunan sun tafi, amma robobin suna nan. Ba a yanke ko ɗaya ba. An mayar da kowace mazauninta tsaf, an murɗa ta sau biyu kafin a maƙala ƙugiyar ta ƙasa.

Baƙon ɓarawo wuƙa yake sawa ya wuce. Wanda aka rena a kan gadajen nan ne kawai hannunsa ba ya iya barin roba ta bi teku, ko da sata yake yi.

Washegari da ruwa ya sake janyewa, ta fito da Vasile, ta kira masu kiwo su zo su shaida. Suka zo suna gunaguni. Ta miƙa wa Vasile roba ta ce ya ɗaure buhu. Ya juya ta, ya ja, ta kuɓuce ta tsula masa a yatsa. Mutane suka yi dariya.

Ta sa wasu uku suka gwada. Kowa ya ja sau ɗaya ya maƙala ta sama, yadda aka saba. Ta sake ba Vasile, ya sake yin shirme.

Goulven ya kasa jurewa. Ya fizge robar. "Kawo nan, sakarai. Ana ɓata mana rana. Haka ake yi."

Ya murɗa sau biyu, ya maƙala ta ƙasa.

Nolwenn ta matso kusa. Ta nuna tasa, sannan ta nuna robobi arba'in ɗin da ke jere. Madam Riwal ta dubi Goulven ta ce, "Tare muka yi makaranta da kai."

A kwamin ruwa da ke bayan rumfarsa aka samu kawar, buhu biyun nan ma shi ya jefar da su bayan ɗakin Vasile. Ashe tasa ta mutu tun zafin bazara, girman kai ya hana shi gaya wa kowa. Da ya faɗa, da kowane gida ya ba shi buhu, domin haka al'adar garin take.

Goulven ya rage murya. "Ni na riƙe ki a coci ranar baftisma, Nolwenn."

"Na sani, Kawu." Ta ciro ankwa. "Miƙo hannun."

A ranar aka saki Vasile. Garin kuwa bai gode mata ba. Mahaifiyarta ta daina ɗaga wayarta. Da ta shiga shagon burodi da safe, hira ta ɗauke, mai shagon ta juya baya tana goge kantar da babu komai a kanta.

Nolwenn ta tsaya har sai da matar ta gaji ta juyo.

"Burodi biyu," ta ce, yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Ɗaya nawa, ɗaya na Vasile. A gidana zai yi Kirsimeti."

Darasi: Ɗora laifi a kan baƙo ba ya da wuya, shi ya sa ake yawan yi. Idan gaskiya ta nuna naka, ka faɗe ta ko da gari zai juya maka baya. Ku tura wa wanda kuka san yana tsaye shi kaɗai a kan gaskiya, ya san ba shi kaɗai ba ne.