Hujin Da Nan-Take Bai Leƙa Ba

Akwai wani makanike da ake yi wa laƙabi da Nan-Take. Ya iya aiki, ba ƙarya, amma girman kansa ya fi garejinsa faɗi.

Wata rana aka kawo masa bas ɗin yayarsa, injin yana ƙwas-ƙwas. Da wannan bas take ciyar da 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta.

"Bushin konrod ne ya cinye, Yaya," in ji shi. "Ɗan zoben tagullar da fil ɗin fistin ke juyawa a ciki, a kan konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe fistin. Gobe war haka motarki tana kan hanya."

Ya kwance injin, ya cire tsofaffin bushin, ya hau buga sababbi. Baba Mai Tabarau, tsohon makaniken rumfar kusa, ya zo ya tsaya a kansa.

"Ɗana, ɗaga konrod ɗin ka leƙa rana. Hujin bushin dole ya hau kan hujin konrod, ta nan mai ke shiga. In ba ka ga haske ba, mai ma ba zai wuce ba."

Nan-Take ya kwashe da dariya. "Baba, leƙe-leƙe na masu tabarau ne. Mu hannu ke gani mana."

Tsohon ya koma rumfarsa.

Washegari bas ta ɗauki fasinja. Ko awa ɗaya ba ta yi ba injin ya ƙame, sai janyo ta aka yi. Da Nan-Take ya buɗe, ya tarar da bushin biyu sun ƙone ƙurmus, hujinsu a karkace, ko ɗigon mai bai shiga ba.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Ƙanena, me zan ce wa yara?"

Wallahi da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Ya je ya durƙusa a gaban Baba. Tsohon bai goranta masa ba, ya ɗauko kayan aikinsa. Kwana uku suna kan injin, duk konrod ɗin da aka sa wa bushin sai Baba ya miƙa masa ya ce, "Leƙa."

Bas ta koma hanya. Yau in ka bi ta garejin, za ka ga Nan-Take ya kanne ido ɗaya, ya ɗaga ƙarfe sama, yana neman haske.

Darasi: Iya aiki ba ya hana sauraron wanda ya riga ka. Girman kanka na minti ɗaya yana iya taɓa abincin wasu. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani.