Motar Tela Ba Ta Kwana a Gareji Ba

An yi wani mutum, bakanike, wanda Allah ya ba shi kunne. Ya 'yan uwa, kunne nake gaya muku! Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin mai ita ya zare makulli ya riga ya san inda ciwon yake. Wannan baiwa ce, kuma duk baiwa akwai tambaya a kanta.

Sai dai yana da wani alfahari da ya fi ƙarfinsa: wai mota ba ta kwana a garejinsa. Ka kawo da safe, ka tafi da abarka kafin azahar. Har direbobi suka laƙaba masa Yanzu-yanzu, shi kuwa in an kira shi haka sai kai ya kumbura. In ya ga motoci sun kwana a wurin maƙwabtansa sai ya tsokane su, ya ce, "Ku gareji kuka buɗe ko masauki?"

Wata rana wani tela ya kawo masa tsohuwar motarsa. Dattijo ne mai sanyin hali, da ita yake kai 'yarsa makaranta, da ita yake ɗauko ta. Ya ce, "Maigida, motar nan ta hana ni sakat. In tana tsaye sai ta riƙa rawa kamar mai zazzaɓi. Da na taka birki a danja sai ta mutu, na baya su yi ta danna mini hon. Ga shan mai kamar an huda tankin. Ni zare da allura na sani, ka duba mini saboda Allah."

Kun ji? Saboda Allah ya ce.

Bakanike ya buɗe bonet. Ya zare fulogi ya duba, ba laifi. Ya duba matatar iska da ta mai, ba su toshe ba. Ya leƙa kabureta, ya bi tiyo-tiyo da hannu. Sannan ya ce wa tela ya tayar da ita ya taka birki. Yana takawa sai injin ya yi tangal-tangal, kuma daga bayan inda ake taka birkin wata iska ta yi tsssss, siririya, wadda ba kowane kunne ne zai kama ta ba.

Nasa ya kama. Nan take ya gane.

Akwai wata baƙar tukunya da ke aro ƙarfi daga inji tana ba birki, ita ce ke sa ka taka da sauƙi mota ta tsaya. Robar cikinta ta fara yagewa. Iska na shiga inda bai kamata ba, shi ya sa injin ke rawa, shi ya sa yake mutuwa, shi ya sa yake zuƙar mai. Wato ba injin ne mara lafiya ba, kuka kawai yake yi a madadin birki. Kuma yaga ba ta komawa baya. Ranar da ta ƙarasa, birkin zai zama dutse.

To, mene ne gyaran? A cire tukunyar, a bazama kasuwar tsoffin kayan gyara a nemo irinta, domin motar ta tsufa, kayanta sun yi wuya. Ma'ana motar za ta kwana. Ta kwana a garejin Yanzu-yanzu, maƙwabta suna kallo!

Sai ya ɗauki sukundireba. Akwai wani ɗan sukuru a jikin kabureta mai ƙara wa inji gudu in mota na tsaye. Ya murɗa shi. Injin ya ɗaga murya, rawar ta ɓuya a cikin ƙara. Ya rufe bonet, ya kaɗe hannu, ya ce, "Shi ke nan, baba. Datti ne kawai."

Tela ya yi ta godiya, ya yi ta sa masa albarka, ya ja motarsa.

Ya 'yan uwa, wannan gyara ne? Mara lafiya na nishi ka kunna rediyo don kada a ji, ka ce ya warke? Wallahi abin nan yana ƙona mini rai, domin ba jahilci ba ne. Da bai sani ba, da da sauƙi. Ya sani sarai!

Da yamma yana cin abinci a tsakar gida ya ba matarsa labari, yana dariya, wai ya sallami mota kafin shayinsa ya huce. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban yara, birki fa ka ce. Wa yake shiga motar?"

Ya ce, "Shi da 'yarsa. Ai a hankali yake tuƙi."

Ta ce, "Ka ji tsoron Allah, ka kira shi ya dawo da ita."

Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki, ki bar mini tawa."

Ba a jima ba tela ya dawo, fuska duk damuwa. Shan man ya ƙaru, mutuwar ta dawo. Ya ce, "Kuma kamar birkin yana mini tauri. Jiya sai da na miƙe a kansa. Yarinyar har ta tsorata. Anya babu wani abu?"

Ga ƙofar tuba Allah ya buɗe masa, a wangale. Kalma kaɗan ce: baba, bar ta a nan. Amma akwai direbobi zaune a benci suna jira, maƙwabcinsa kuma ya kasa kunne. Sai ya canza fulogin da babu abin da ya same shi, ya sake murɗa ɗan sukurun nan har ya kusa ƙurewa, ya dafa bonet ya ce, "Wallahi birkinka lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne ya kama ƙafarka, baba." Aka yi dariya, har da telan, don kunya. Ya ƙara da cewa, "In ta sake yi, dawo da ita."

Ya rantse da Allah a kan abin da ya san ƙarya ne. Wa ya tilasta shi? Yunwa ce? Ko kusa. Suna ne kawai, kada a ce motar wani ta kwana.

Tela ya ci gaba da ɗaukar 'yarsa. Kullum ya taka birki, yagar nan tana ƙaruwa. Kullum yarinyar na zaune a gefensa da jakar littattafanta a cinya.

Ran nan ya ɗauko ta daga makaranta, motar ta mutu masa a tsakiyar titi, da ƙyar ta tashi. Ya ce ba zai kai ta gida a haka ba, bari ya bi ta gareji kamar yadda aka ce masa. Layin garejin kuwa gangare ne. Ya karyo kwana, ya taka birki. Iskar nan ta yi tsssss da ƙarfi, injin ya ɗauke ɗif.

Ya sake takawa. Dutse.

Ya sa ƙafa biyu. Ya ja birkin hannu, tsohon abu, bai riƙe ba. Motar na gangarawa shiru, babu ƙarar inji da za ta gargaɗi kowa. Yarinyar na ihu, "Baba! Baba!" Shi yana salati, yana murɗa sitiyari don ya kauce wa masu tafiya a ƙasa. Ya kauce musu. Abin da ke gabansa sai wata mota da aka ɗaga a kan jak a bakin gareji, an cire tayoyinta na gaba.

Bakanike na kwance a ƙarƙashinta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tela da 'yarsa Allah ya tsare su, sai ƙujewa. Shi kuwa da aka taru aka ɗaga motar aka jawo shi, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. A asibiti likita ya ja matar bakanike gefe ya ce a yi ta addu'a.

Yanzu ku saurara da kyau, don abin da ya fi karayar baya muni yana gaba.

Tela ya zo asibiti. Bai iya cin abinci ba tun ranar. Ya durƙusa a gaban gado, dattijo da furfurarsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Ka gaya mini ƙafata ce, ban ji ba, na ci gaba da tuƙi. Ni na kashe ka. Ka yafe mini don girman Allah."

Matar bakanike na tsaye a bakin gado. Ta zuba wa mijinta ido, tana roƙonsa da ido ya faɗi gaskiya. Ya dube ta. Ya dubi abokan sana'arsa da suka zo dubiya suka jeru a jikin bango. Hankalinsa ƙalau, harshensa ƙalau.

Ya ce, "Na yafe maka, baba."

Bai sake samun wata damar ba. Daga nan jikin ya rikice, bai ƙara gane kowa ba har rai ya yi halinsa. Sai bayan an binne shi matarsa ta kasa haɗiye abin, ta je shagon tela ta faɗa masa gaskiya tana kuka.

Ya 'yan uwa, ba ni na san makomarsa ba, wannan na Allah ne. Amma na san da abin da ya tafi: amanar da ya ci, rantsuwar da ya yi, da laifinsa da ya ɗora wa bawan Allah a kai yana kan gadon mutuwa. Ƙarya haka take. Ta farko kai kake ɗaukarta, ta ƙarshe ita ke ɗaukarka.

Kai mai sana'a, wanda ya kawo maka abin da bai sani ba, ransa ya damƙa maka. In ka ga aibi, faɗe shi. In aikin zai kwana, ya kwana. In ka yi kuskure, gyara shi tun kana tsaye da ƙafafunka, kada ka jira gadon asibiti, don ba kowa ne harshensa ke yarda da shi a ranar ba.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci da girman kai. Allah ya sa kada kunyar mutane ta fi mana kunyarsa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun muna da numfashin faɗinta. Amin.