Ƙaiƙayin da Ya Bi Sawun Ruwa

A zamanin da, wata Laraba da hantsi, damina ta yi tsakiya, aka sanar da wani sarki cewa gidaje tara sun rushe a Unguwar Majema cikin ruwan asuba. Sarki ya sa aka kira mai unguwar, Jatau, da Sarkin Magina Cindo, wanda ya gina gidajen.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, laifin magina ne. Da ɗanyen tubali suka yi aiki."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina gini, katangata ba ta taɓa kwantawa ba. Ruwa aka toshe wa hanya."

Jatau ya yi dariya. "Haba tsoho, ruwa har hanya gare shi kamar fatake?"

Waziri ya roƙi a dakata da hukunci har a sake yin ruwa. Sarki ya ƙi, ya tuɓe Cindo, ya ce kada rana ta faɗi yana garin.

Ranar Asabar hadari ya taso. Waziri ya sa aka zuba ƙaiƙayi mangala goma a kan tudun da ke saman gari. Da ruwa ya ɗauke, ya ce wa sarki, "Zaki, in ka yarda, mu taka da ƙafa."

Suka bi ƙaiƙayin nan lungu-lungu, har inda ya taru jikin wasu sababbin gidaje. Daga nan ya karkata, ya gangara cikin Majema. Sarki ya tsaya yana duban wurin, ya ce, "Waziri, nan ba kududdufin da muke kamun kwaɗi muna yara ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Duk ruwan gari nan yake kwanciya. Bara Jatau ya cike shi da juji, ya yanka filaye, ya raba wa waɗanda suka kai masa gaisuwa mai nauyi."

"Da izinin wa?"

Waziri ya ciro takarda daga aljihu, ya miƙa masa da hannu biyu. Hatimin sarki ne a jikinta. Waziri ya ce, "Ran da Jatau ya kawo maka farin ingarman nan aka buga shi. Ina wurin, ni ma ban tanka ba."

Sarki ya ce, "Haƙoran dokin nan ɗaya bayan ɗaya na duba su. Takardar kuwa ko layi ɗaya ban karanta ba."

Aka tuɓe Jatau, aka sayar da dokin aka gina wa Majema gidajensu. Masu sababbin gidaje aka ba su fili a kan tudu, aka sake haƙa kududdufi. Sarki ya kafa doka, ba a ƙara yanka fili sai an bi sawun ruwa tukuna.

Sau uku yana aika wa Cindo da rawani zuwa garin da ya koma. Sau uku rawanin yana dawowa a naɗe yadda aka aika shi. Cindo ya rasu a can da kaka.