Shanyar Hajjo a Kan Farantan Sola

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Sakkwato mai suna Ƙasimu, gidansa na unguwar Minanata. Ya sayi ƙaramar a-kori-kura mai aiki da lantarki don jigilar buhunan gero. Ba ruwanta da gidan mai, abincinta caji.

Da fari a soket ɗin gida yake jona ta. Sai ta kwana ta wuni ba ta ƙoshi ba, ga wutar ba kullum ake kawowa ba. Wani ya ce ya sa janareto, Ƙasimu ya ce, "In gudu daga mai in koma ga mai?"

Sai ya haɗa sola a filin bayan gida. Aka jera farantai a kan ƙarafa daidai ƙugun mutum don a ji daɗin gogewa, aka ajiye manyan batura a shago. Rana ta cika batura, da magariba ya jona mota, da safe ta tashi a ƙoshe. Gidan ma daga baturan nan yake jan wuta.

Ana nan bikin ƙanwarsa Hafsat ya taso. Mahaifinsu ya rasu, shi ne uba, a gidansa aka tara kayan ɗaki. Ya ce wa dangi kada wanda ya nemo motar haya, motarsa ce za ta kai kayan jere Kwalkwalawa, gidan ango. Aka sanar da dangin ango ranar, aka tsayar da magana.

Kakarsu Hajjo ta iso daga ƙauye da kwandunan tumatir da kuɓewa, gudummawarta ga jika. Tun daga zaure take kira, "Ina maigidan nawa mai motar waya?"

"Ga ni, tsohuwa. Har yau ba ki gaji da duniya ba?"

"Sai na ga hurhurarka!"

Kwanakin nan Ƙasimu bai zauna ba. Ya fita da sassafe, ya dawo bayan magariba, ya jona mota ya wuce. Ya lura cajin ba ya cika, ya ce yawan baƙi ne.

Ranar jere da safe ya kunna mota, sai ga alamar caji ta yi ja. Abin da ke cikinta ko rabin hanya ba zai kai ba. Ya ruga shago, batura ma wayam. Ga gado da katifa da kwalaye jibge a tsakar gida, ga shi ya hana a nemo mota, ga ranar ta bukukuwa ce, mota sai wanda ya kama tun da wuri.

Ya ciro waya zai kira mai haɗa sola ya zazzaga masa. Matarsa Sadiyatu ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Baban Mubarak, kahin ka kira, leƙa bayan gida."

"Mi ag ga bayan gida?"

"Jiya na gani. Na ji nauyin hwaɗi ne."

Ya zagaya da sauri. Gwaggonni da 'yan biki, ganin fuskarsa, suka bi shi.

Farantan nan kaf an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. A kai yankakken tumatir ja wur, gefe kuɓewa, an baza shanya layi-layi. Hajjo na tsaye tana juyawa da hannu.

Da ta gan shi ta washe baki. "Maigida, Allah shi yi ma albarka! Tun da nike ban ga wurin shanya irin teburan ga naka ba. Ba ƙasa, ba kaji, ba awaki. Diba yadda tab bushe ƙamas! Hafsat ta samu kayan miyar shekara."

Magana ta taso wa Ƙasimu har maƙogwaro, mai zafi. Ya ji wata a bayansa ta fara ƙunshe dariya. Ya dubi hannuwan tsohuwar, duk kaifin wuƙa ya tsattsaga su. Ya san in ya buɗe baki yadda zuciya ke so, a gaban matan nan, Hajjo za ta ɗaure ƙunshinta ta bar bikin.

Ya haɗiye. Ya ɗauki kuɓewa ɗaya ya karya, ta ce ƙas.

"Aikinki ya yi kyau, tsohuwa. Amma laihina na, ban gwada miki ba. Teburan ga akushin motata na. Rana taka ci. Kin ruhe mata akushi, yau ta tashi da yunwa."

Hajjo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ni na hana ma motar jikana tuwo?" Ta dubi zannuwan, ta dubi rana, sai ta fashe da dariya har da hawaye, mata suka taya ta. "To mi za a yi, ɗan nan?"

"In rana ta bugi farantan har la'asar, ina sa rai ta ƙoshi. Amma sai an bar jan wuta a gida. Ni ko ba ni iya ce ma gwaggonnina su kashe fanka."

"Kai ba ka iyawa. Ni ina iyawa."

Ta gyara ɗaurin zani. Nan da nan aka kwashe shanya zuwa tabarmi, ta sa aka goge farantai har suna ɗaukar ido. Sannan ta shiga cikin gida ɗaki-ɗaki.

"Ke Habiba, zare abin gugar ga, ku hura gawayi! Ke mai markaɗe, ga turmi can, da mi munka girma? Wayoyin ga duk a cire. Wadda zuha ta dama, ga maheci!"

Nan take aka zare komai. Wa zai ja da Hajjo? Gida ya cika da lugude da waƙar daka, 'yan mata na fifita suna tsiya. Ita kuwa ta kafa kujera kusa da farantai da sanda a hannu, ko tantabara ba ta bari ta sauka. Jim kaɗan ta ƙwala kira, "Maigida, ta ƙoshi?"

"Tana ci, tsohuwa."

"To ta ci da sauri, ba amarya ta ba."

Ranar Sakkwato ba ta ba da kunya ba. Ana sallame la'asar alamar ta yi kore. Aka loda gado da kwalaye, aka ɗora ƙunshin busasshen tumatir a sama. Hajjo ta ce gidan gaba nata ne, ita ta yi kiwon motar.

Ta zauna, ta runtse ido tana addu'ar tafiya. Can ta ce, "Kai, yaushe za ka tada ta?"

"Tsohuwa, ai mun baro unguwa."

Ta buɗe ido, ta ga gidaje na wucewa. "Aradu, ko jaki shina nishi!"

Da suka isa Kwalkwalawa dangin ango na ƙofa. Hajjo ba ta jira a buɗe mata ba, ta leƙo kai ta taga ta rangaɗa guɗa.

Darasi: Kuskuren da aka yi da zuciyar alheri ba da tsawa ake gyara shi ba. Ka rufa wa babba asiri a gaban mutane, sai ka ga wanda ya ɓata shi ne ya fi kowa iya gyarawa. 'Yan uwa, ku tura wa wasu su ma su amfana, musamman masu saurin baki.