Gadon da Ɗan Baba Ya Auna da Hannunsa

A Madarumfa, a unguwar da ke gangarawa bakin tafki, akwai wani mutum da ake kira Ɗan Baba. Dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya kafin su shiga zaure, kuma Allah ya ba shi dogon hannu da baki mai daɗi. Aibinsa ɗaya ne, in ma za a kira shi aibi: bai yarda akwai ma'aunin da ya fi hannunsa gaskiya ba, kuma bai yarda akwai wanda ya isa ya gyara masa aiki ba.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa babbar mota tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Da ya ajiye tuƙi, sai ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, ya tara zarto da guduma da gizago da gwangwanayen ƙusa, ya raɗa mata suna atiliye. Duk wanda ya kira ta rumfa, sai ya yi kamar bai ji ba. A nan ya gyara rediyon liman, ta koma kama tasha ɗaya tak, amma da ƙarfin da liman bai taɓa ji ba. A nan ya yi wa matarsa Balaraba kujerar tsakar gida, wadda har yau take rangaji, ya kuma yi mata bayani cewa ƙasar Madarumfa ce a karkace. Mutanen garin nan kuwa ba su da godiya. Maimakon su yaba, sai su riƙa murmushi.

Akwai metir ɗin awo mai ruwan ɗorawa da ƙanen Balaraba ya kawo masa tsaraba. Yana rataye a ƙusa cikin ledarsa, ba a taɓa ja shi ba. Ɗan Baba da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa.

Ana nan aka sa ranar auren ɗiyarsa ta fari, Bushira, malamar lakkol, wato makarantar boko, da wani saurayi mai suna Sadiƙ. Balaraba ta ce a je Maraɗi a sayo gado. Ɗan Baba ya dafe ƙirji kamar an soke shi.

"A sayo? Ina raye? Da atiliye a gidan? Balaraba, mi na yi miki?"

"Ba ka yi mini komi ba, Malam. Kujerata nake tunawa."

"Kujera daban, gado daban. Yarinyar nan za ta kwana a gadon da ba a taɓa ganin irinsa ba daga nan har garin Sarkin Yamma."

Yarinyar nan yake ce mata, don ɗiyar fari ce, sunanta ba ya fita daga bakinsa. Kuma a nan matsalar take. Uba ba ya taka ƙafa gidan da za a kai ɗiyarsa, balle ya shiga ɗakinta yana dafa bango. Dole a aiki wani ya auno ɗakin. Sai aka aiki yayarsa Hasiya, gwaggon amarya, mace mai kaifin baki wadda in ta tsaya kusa da shi iyakarta aljihun rigarsa.

Balaraba ta ciro metir daga ƙusa ta miƙa. Ɗan Baba ya karɓe ya mayar.

"Wannan na 'yan koyo ne. Yaya, ki auna da kamu kawai, ki faɗa mini. Saura aikina ne."

"To ko igiya a ba ta, ta ƙulla iyakar bango," in ji Balaraba.

"Igiya ta akuya ce. Balaraba, ni na taɓa shiga madafi na ce ki ƙara gishiri?"

Hasiya ta tafi, ta dawo ta ce tsawon ɗaki kamu takwas, faɗi kamu shida. Ɗan Baba ya shimfiɗa hannunsa a ƙasa sau takwas, ya ja da baya ya dubi filin, ya girgiza kai cikin jin daɗi.

"Kai, yaron nan ya yi ƙoƙari. Wannan ai ba ɗaki ba ne, masallaci ne."

Tunda fili ya samu, sai ya ga gado kaɗai ba zai nuna ko shi wane ne ba. Ya haɗa armuwar, wato kabad ɗin tufafi, a wajen kai, mai ƙofa biyu da madubi. Ya haɗa akwatin zama a wajen ƙafa. Duka ya tashi kamu shida, ya bar wa amarya kamu biyu na wucewa, don shi mutum ne mai tausayi. Da Balaraba ta ce ai gadon kasuwa kwance shi ake yi a shigar da shi guntu-guntu, sai ya ce gadon da ake kwancewa na ragwaye ne. Ya zuba gam, ya bi da ƙusa, ya sake bi da wata ƙusar, har abin ya zama jiki ɗaya. Sati biyar yana yi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya jawo shi ya gani, ko da kuwa mai tallan kifi ne.

Ranar jere da hantsi, ƙarti shida suka ɗora gadon a amalanken shanu. Ɗan Baba ya umarci mai amalanke ya bi ta bakin kasuwa, ko da yake hanyar ta fi nisa. Shi kuma ya sa farar riga, ya zauna a ƙofar gida yana karɓar barka. Har ya fara shirya yadda zai ƙi karɓar yabo sau biyu kafin ya karɓa a na uku.

Bayan azahar salularsa ta yi ƙara. Hasiya ce.

"Ɗan Baba, kana ina?"

"Ina gida, Yaya. Mata sun yi guɗa ko? Ki ce musu su yi a hankali da madubin."

"Guɗar ubanwa? Tashi ka taho da zartonka."

"Zarto kuma? Mi ya faru?"

"An karkata abin nan naka an turo shi ciki. Kansa ya daki bango, gindinsa na waje. Aka ce a juya shi, ya cije a bakin ƙofa. Ba ya shiga, ba ya fita."

"To ku fito ku bar shi, zan aiko da bayani."

"Mu fito ta ina? Muna ciki! Ni da Hajiya Asma'u, uwar ango. Ita ta shigo ta nuna inda za a aje shi. Tagar ɗakin ko kaina ba ya wucewa. Zafi zai kashe mu, kuma da magariba za a kawo amarya."

Ɗan Baba ya dubi salula, ya dubi sama. A ransa ya ce wannan aikin magini ne, ya cuci yaron nan a awo. Ya ce wa Balaraba ba zai je ba, uba ba ya shiga ɗakin ɗiya, kunya ta hana. Balaraba ta ɗauko zarto ta ɗora masa a cinya.

"Kunya? Surukarka na can tana dahuwa kamar dankali, ɗiyarka ba ta da ƙofar shiga ɗakinta. Wace kunya ta rage?"

Sai ya naɗa rawani ya rufe fuska har hanci, wai don a ɗauka wani kafinta ne aka kirawo daga Maraɗi. Ya manta babu mutum biyu masu tsawonsa a garin. Yana sunkuyowa daga zauren gidan ango, mata wajen arba'in suka juyo, wata ta rangaɗa guɗa.

"Ga baban amarya! A ba shi hanya, mai gayya ya iso!"

Ga gadon nan a gicciye cikin ƙofa, akwatin ƙafa ya leƙo tsakar gida kamar jirgin masunta da ya kafe a laka. Ɗan Baba ya durƙusa, ya kara baki a 'yar kafar da ta rage tsakanin katako da bango.

"Salamu alaikum. Hajiya, ina wuni? Ya hidima?"

"Lahiya lau, Malam," in ji wata murya daga ciki, a sanyaye. "Hidima da godiya. Mun ga gado. Tun ɗazu shi muke kallo, babu wani abin kallo."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ina jin magini ne ya rage muku ɗaki. Kamu takwas aka ce mini."

"Kamu takwas ne!" Hasiya ta daka tsawa. "Ni na auna, sau biyu! Miƙo hannunka nan."

Ta zuro hannunta ta kafar, daga gwiwa zuwa yatsu. Babu yadda zai yi, mata sun zagaye shi. Ya naɗe hannun riga, ya jera nasa kusa da nata. Yatsun Hasiya ko wuyan hannunsa ba su kai ba. Dariya ta fashe a tsakar gida, har wata tsohuwa ta zauna a kan turmi tana share hawaye.

"Yaya," ya ce a hankali, "ai sai ki faɗa mini hannunki gajere ne."

"Shekara hamsin kana ganina, sai yau ka sani?"

Ya nemi ya zare ƙusoshi, amma wanda ya buga su ya buga su da zuciya ɗaya. Gam kuwa ya riƙe amana. Hajiya Asma'u ta yi magana daga ciki, ta ce ba ta son ta matsa wa baƙo, amma la'asar ta gabato kuma ba ta da alwala. Sai Ɗan Baba ya ɗora zarto a kan aikin sati biyar. Ya yanke akwatin ƙafa, aka ja shi waje. Gadon ya saki, ya faɗa ciki, madubin ya tsage gida uku. Matan biyu suka tsallako, jiƙe sharkaf, Hajiya ta gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo. Da aka kwantar da abin da ya rage, sai ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa, dole ya shiga ɗakin ɗiyarsa da ƙafarsa, ya yanke armuwar ita ma.

A nan aka gano wani abu. Ƙafafun gadon huɗu, biyu suna ƙarƙashin armuwar, biyu suna ƙarƙashin akwati. Abin da ya rage a tsakiya shimfiɗaɗɗen katako ne kawai. Aka kwaso tubalin siminti daga ragowar gini, aka tokare kusurwa huɗu, aka ɗora katifa, aka saki zanen gado har ƙasa don ya rufa asiri. A kan wannan aka zaunar da amarya da magariba, ƙawayenta na lakkol suna ɗaga zane suna leƙawa.

Washegari Ɗan Baba ya fito bakin masallaci da ƙarfinsa. Ya ce gado a kan tubali shi ake yayi yanzu a manyan birane, gara ba ta cinsa. Ya ce ya yanke shi ne da gangan don iska ta riƙa zagayawa. Aka yi dariya, shi ma ya taya su, don mutum ne da dariya ba ta kayar da shi.

Bayan wata biyu, yana cikin atiliye yana wasa gizago, sai ya ji Hasiya da Balaraba suna hira a bayan katanga, ba su san yana nan ba.

"Ƙofar madafin Bushira ta ɓalle tun sati biyu," in ji Hasiya. "Da buhu take tarewa, awaki na shiga suna yi mata ɓarna."

"To ai aikin minti goma ne. Bari in faɗa wa babanta ya aika da..."

"A'a! Ta haɗa ni da Allah. Ta ce kowa ya ji, amma ban da Baba."

Ɗan Baba ya ajiye gizago. Ya ɗaga kai ya dubi metir ɗin nan da ke rataye a ƙusa cikin ledarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, ko da yake masu irin halin Ɗan Baba za su ce an yi musu ƙazafi. Duk gwanintar mutum, hannunsa nasa ne shi kaɗai, ba shi ne ma'aunin duniya ba. In aiki ya ratsa tsakanin mutum biyu, a nemi ma'aunin da su duka suka yarda da shi, kuma in na kusa da kai ya ce ka sake dubawa, ka sake dubawa, ko da kuwa bai taɓa riƙe guduma ba. Girman kai ba ya tsayawa a kan mai shi: wasu ne ke shan zafin, wasu ke jin kunyar. Dariyar gari takan wuce cikin kwana kaɗan. Abin da ke da wuyar gyara shi ne ranar da naka na jiki zai zaɓi ya zauna da ɓarna a kan ya nemi taimakonka.