Mawaƙin Gayya da Dutsen Niƙa

Akwai wani manomi da Allah ya ba shi baiwar waƙa. Duk damina in aka kira gayya, shi ne a gaba da sabuwar waƙa, jama'a suna amsawa suna noma har gona ta ƙare.

Wata shekara sai waƙa ta ƙi zuwa. Saura kwana uku a yi gayya a gonar wata gwauruwa, ciyawa ta kusa cinye mata gero, shi kuwa ko baiti ɗaya ba shi da shi. Ya san halin mutanensa sarai. In waƙa ta yi sanyi hannu ma sanyi yake yi, kafin rana ta take tsaka kowa zai tuna yana da uzuri a gida. Hankalinsa ya tashi.

Sai ya tafi birni ya koyo waƙar makaɗan biki, ya dawo ya gwada ta a gonarsa. Ashe waƙar rawa ce, ta fi fartanya sauri, har ya kusa sare yatsan ƙafarsa. Tsoro ya kama shi, ya ce a ransa, "Ubangiji ya karɓe abinsa."

Ana gobe gayya ya biya gidan yayarsa, ya tarar tana niƙa tana rera wata 'yar waƙa. Ya tsaya cik.

Ya ce, "Yaya, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ji min Auta! Taka ce fa. Kai ka fara ta kana yaro a gindin dutsen Inna, ka yi baiti biyu ka watsar. Ka tafi birni neman abin da ka bari a madafa."

Ya kasa kunne. Yadda dutsen niƙan yake yin gaba yana dawowa, haka fartanya take yi. Nan ya zauna ya ɗora a kan baiti biyun nan. Kashegari aka nome gonar gwauruwar tas, har matan da suka kawo kunu suna amshi.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan ni ne, ku ne kuma, duk ranar da muka zauna muna jin tsoro wai baiwarmu ta ƙare. Waƙar birni ita ce kwaikwayon abin wani, wanda ba a auna shi da hannunmu ba. Baiti biyun kuwa su ne abin da Ubangiji ya sa muka ƙaunata tun farko, muka fara muka ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani. Kafin ka ce Allah bai ba ka sabon aiki ba, koma ka duba wanda ka bari rabi, gama akwai gwauruwar da geronta yake jiransa.